Zuwa ga Yaya Idrisu, Mai Ƙirga Shahuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka.

Ƙanwarka ce Safiya, daga unguwar Ƙurban a Madina. Na ga hotonka a wata mujalla, ka yi furfura, kana rataye da igiya a jikin dutse. An ce shahunan arewacin Kanada da suka kusa ƙarewa sun fara farfaɗowa, kuma kana cikin waɗanda suka yi shekara da shekaru suna bin sheƙa suna ƙirga. Mabruk. Tunda a fili aka yabe ka, ni ma a fili zan yi maka magana.

Da ka tafi karatu a shekarun saba'in, kaset kake aiko mana. Kana bayanin yadda maganin ƙwari yake raunana ɓawon ƙwai, uwa ta kwanta a kai ya fashe. Umma ba ta gane rabin maganar ba, amma sai ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, uwar."

Sai ga ka a Madina bayan mun fara fid da rai. Baba ya yanka rago. Washegari ya ja hannunka zuwa gonar dabinon nan ta unguwar Awali, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kula da shahunan maigidansa. An kawo wata sabuwar tsuntsuwa, fara sol, ba a taɓa ganin irinta ba. Ina bayanku. Na ji ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai ma ɗan sana'a ne yanzu, duba ka gaya mini."

Ka ɗaga ƙafarta, ka daɗe kana kallon inda aka datse zoben da kuke sa musu. Ka sa Baba ya ɗora ta a hannu, ka ce ya yi murmushi, ka ɗauki hoto. Ka tambaye shi wa ya kawo ta. Ya faɗa maka sunan dillalin, domin kai ɗansa ne.

Hoton nan ya je kotu a can Kanada, ya shiga jarida. Aka kama dillalin. Maigidan ko ƙwarzane bai yi ba. Ya tara ma'aikata, ya sa aka zare safar fata ta riƙon shaho daga hannun Baba a gabansu, ya ce mu bar masa gida. Gidan da aka haife ka.

Baba ya koma tura wa alhazai kaya a amalanke kusa da Harami, da tsufansa. Bai taɓa kukan gajiya ba. Tambaya ɗaya ce ta cinye shi: "Safiya, dama saboda tsuntsuwar ya zo?"

Ka aiko kaset. Ka ce ba ka ambaci sunansa ba, fuskarsa kawai aka gani. Ka ce ana kwashe 'ya'ya daga sheƙa, ba za ka iya yin shiru ba. Ya saurara har ƙarshe, ya juya kaset ɗin ko akwai saura. Babu.

Da ciwo ya kwantar da shi muka buga maka waya. Ka ce lokacin ƙyanƙyasa ne, in ka tsallake shekara guda aikin zai samu giɓi, za ka zo lokacin kaka. Maƙwabta ne suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a. Lokacin kakar ma ba ka zo ba.

Ban ce ka yi ƙarya ba, Yaya. Sato tsuntsuwar aka yi, na sani. Amma da ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya, wallahi da kansa zai buɗe maka ƙofa. Ya fi ka son su.

Kai ne kake goya ni ranar Asabar zuwa masallacin Ƙuba in ƙasa ta yi zafi, kana hura mini tafin ƙafa. Na yi ƙoƙarin tsanar wannan yaron, na kasa, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Umma kuwa ta daina kiran sunanka. In an tambaye ta, 'ya ɗaya gare ta. Amma duk ran da sanyi ya sauko Madina, sai ta dubi ƙofa ta ce, "Ko yana da bargo."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare ka a kan duwatsun nan, ya yi maka tsawon rai. Na ji an yi maka ɗa namiji. Allah ya raya shi, ya sa ya tashi mai gaskiya irinka sak.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Safiya