Abin da Ya Maƙale a Ƙasan Jirgi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta saki kuwa, ko har yanzu sai an riƙe ta? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ga ƙullin kifin Inna nan na ba direba. Ki daka mata shi luƙui kamar yadda kika saba, tunda haƙoran sun yi ritaya. Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san wayar gidan nan a aljihun Baban yara take kwana, in ina magana kuma kunnensa na kan kafaɗata.

Albishirinki. Mutumin naki ya yarda zai sayi injin wanke jirgi! Ke da kika yi aure cikin gari na san kin manta aikin, bari in tuna miki. In jirgi ya dawo aka kwashe kifi, maza su wuce wurin ciniki, a bar mu da jirgin da ƙarninsa. In ɗaga katakan ƙasa, in tsince ƙananan kifin da suka maƙale a tsakani, sannan in shiga ɗiban ruwa da bokiti, ina kwarawa ina dirzawa har yauƙin ya fita. In ba a yi haka ba katako ya ruɓe, kifin gobe ya ɗauki wari, masu saye su karya farashi. Abin da ya maƙale kuwa na mai wanki ne. Haka muka taras, ba mai tambayarki nawa kika samu ko wa kika ba. Daga nan ƙullin Inna yake fitowa.

To amma baya ya gaji, Yaya. Tun haihuwar ƙaramin nan, in na sunkuya sai na dafa gefen jirgi kafin in miƙe. Na yi naci, na yi fushi, na yi kuka, har ya ce to, ya ji, amma fa sai mai araha.

Yanzu kuma an shiga shawara. Ya tambayi makanike, ya tambayi mai gyaran raga, ya tambayi mai shayi wanda ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba. Kowa ya kawo nasa, shi kuma ya dawo gida yana zazzage mini. Ni da nake wankin, ko da wasa bai ce me kika gani ba. Ban damu ba, in dai zai saya, ya tambayi har kifin da ke ruwa.

Ki gai da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na ji saƙonki a bakin direba, cewa Inna ta cinye tuwonta tas ranar da aka sa kifin a miya. Wallahi wuni na yi ina murmushi ni kaɗai.

An sayo inji! Kuma da ni aka je, ba don an ga ya dace ba, sai don yana buƙatar mai riƙe masa kaya a mota. Shagon ƙarami ne, tiyo na rataye ko'ina har sai ka sunkuyar da kai. Mai shagon ya fito da wani babba mai shan fetur, irin na masu noman rani. Idon mutuminki ya tsaya a kai kamar an kafe shi. Na raɗa masa cewa wannan in ya watsa ruwa, da tsumma da kwaltar da muka cusa a tsagun jirgi duk zai tone su, gobe mu yi iyo. Ya harare ni, ya juya ya maimaita wa mai shago maganar kamar daga kansa ta fito. Mai shago ya ce lallai Alhaji ya san aiki. Alhajin da ko filin jirgin sama bai taɓa gani ba.

Akwai mai aiki da hasken rana, muka ji kuɗinsa muka yi masa fatan alheri. Akwai wani kuma mai arahar banza, robarsa kamar ta kofin yara. Shi ya so ɗauka, na ce araha ba ta ado, wannan yashi ɗaya zai shiga ya kashe shi. Can a ƙasan kanta na hango wani ɗan ƙarami mai aiki da batir, bai fi tukunyar miya ba, da rariya a bakin tiyon don kada ya zuƙi ciyawa. Aka jona shi a bokiti, ruwan ya fito da ƙarfi daidai, ba hauka ba lalaci. Na ce wannan. Ya yi ta ciniki har mai shago ya gaji ya sallama. Ni na rungumo shi a cinya har gida kamar jariri.

Washegari na ɗaura zane na sauka bakin ruwa da shirina. Kafin in isa, ashe ya riga ya karkata jirgin, tiyo na hannunsa, maza sun kewaye shi. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗaga bokiti ba, wai wanki aikin mata ne, sai ga shi yana feshi yana wa mutane bayani. Na miƙa hannu in karɓa, ya ce in bari, abin batir ne, yana da haɗari. Na tsaya gefe ina dariya tare da Uwar Biyu. Kin tuna ta, wadda mijinta ya rasu a ruwa, take wanke jiragen mutane tana ciyar da marayunta. Ta ce mini na ji daɗina, Allah Ya sa su ma a danshinmu.

Kafin ka ce kwabo jirgi ya fita fes. Sai dai bai ɗaga katakai ya tsince komai ba, ruwan ya kora duka ya mayar kogi. Balbelu suka sauko suka yi biki. Shi ya sa za ki ga ƙullin nan bai kai na da ba, ragowar wancan ne. Zan yi masa magana ya riƙa jirana in tsince tukuna.

Bayana kuwa har ya fara sauƙi. A gai da kowa da kowa.

Taki,
Auta


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da yara, da babansu. Yaya Inna? Direba ya ce kin tare shi a tasha har sau nawa kina tambaya, yana ce miki babu saƙo. Ya ce kin ce Inna ta rage cin abinci, tana cewa miyar ba ta da ɗanɗano, tana tambaya ko Auta ba lafiya. Lafiyata ƙalau. Kunya ce ta hana ni rubutu, da baƙin ciki.

Garin neman gira na rasa ido, Yaya. Na yi wa Baban yara maganar tsince kifin, ya ce a'a. Wai me mutane za su ce, ya sayi inji don matarsa ta huta, sannan a gan ta durƙushe a jirgi tana tsintar abin da kyanwa ma sai ta yi shawara kafin ta ci. Ya ce in zauna gida, in ina son kifi in tambaya, ai shi ba marowaci ba ne.

Na tambaya. Ranar farko ya zaɓo babba ya kawo, ya miƙo mini a tsakar gida gaban uwarsa da ƙannensa, yana cewa ga na surukarsa nan, kada a ce bai kula ba. Babba ne mai kitse, ba ya bushewa yadda zai kai muku bai lalace ba, a tukunyar gidan ya ƙare. Da na sake tambaya sai ya ce ba ran nan ya ba ni ba? Uwarsa ta ce ita dai tana nan kusa, ba ta taɓa ganin an ware mata nata ba. Shekara da shekaru ina aika wa uwata abin da na tsinta da yatsuna, ban taɓa cewa kowa don Allah ba. Yau sai na roƙa, a yi mini gori a kan kifin da ni nake gyara masa wurin kwanciya.

Ba a nan ta tsaya ba. Masu jirage suka ga injin yana da sauri, suka fara cewa ya fesa musu nasu su ba shi ɗan wani abu. Yanzu batir ba ya hutawa, shi ma bakinsa ba ya rufuwa don murna. Har suna ya samu, Mai Inji. Matan da ke wanki kuwa ɗaya bayan ɗaya aka ce musu an gode. Kuma duk bakin ruwa an san ni na nace, ni na zaɓo, don da bakina na ba da labari ina taƙama. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi suna gaishe shi, ni in na wuce sai a yi shiru. Na ce masa to ko ni ma ya bar ni in wanke na wani da bokiti, ya ce matar Mai Inji? Sai dai bayan ransa.

Wani lokaci in na ga injin a bayan ƙofa, da tiyonsa a naɗe, sai in ji kamar in zuba masa yashi. Da na bar shi ya ɗauki mai arahar banzan nan, da tuni ya mutu kowa ya koma bokitinsa. Ni ce na tsaya na zaɓi mai ƙarko. Da hannuna na daɓa wa cikina wuƙa, na haɗa da na maƙwabta.

Yanzu maganar ƙullin da ke tare da takardar nan. Ba nawa ba ne. Jirgi ɗaya ya rage wa Uwar Biyu, na wani tsoho da ya ce shi bai yarda da abin batir ba. Jiya da hantsi ta shigo gidan nan, ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta ajiye wannan a kan turmi, busasshe, an gyara shi tsaf. Ta ce ta ji tsohuwa ba ta cin abinci, ba don ni ta kawo ba, don Inna ce, wadda ta yi mata zaman jego lokacin 'yan biyunta. Ta juya za ta fita.

Abin da ba ta sani ba, tsohon nan ya zo wurin Baban yara shekaranjiya. A zaure suka zauna, ina jin su ta taga. 'Ya'yansa sun matsa masa, ya yarda, daga mako mai zuwa da inji za a riƙa wanke nasa. Na sani lokacin da take ajiye kifin. Na buɗe baki in faɗa mata ta ɗauki abinta ta kai wa marayunta, sai na tuna Inna da kwanon tuwonta. Na ce mata na gode, Allah Ya saka. Na karɓa, Yaya.

Ki daka mata, ki riƙa sa kaɗan kaɗan don ya daɗe, ban san daga inda wani zai fito ba. In ta ci ta fara sa albarka, kada ki bari ta ambaci sunana. Ki gaya mata na Uwar Biyu ne.

Ki gai da yara. Wassalam.

Ƙanwarki,
Auta