Ƙanwar Direba

Funtua, farkon kaka

Zuwa ga Yayata Nana Khadija,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Yaya, ba zan manta da wata Laraba ba. Ina kwance a kan tabarma da littafina, na zo daidai inda saurayi ya ɓad da kama ya shiga gidan su budurwar a matsayin mai ban ruwan fulawa, sai ga Maigidana ya shigo da rana tsaka riƙe da tsire a takarda. Bai saba ba. Kin san yana tuƙa Injiniya, mutumin Masar ɗin nan na kamfanin gurzar auduga. To, matar Injiniya, Madam Huda, ta iso da jaririyarta Salma, kuma Maigidana aka ɗora wa nemo masu aikin gida. Ya samo maigadi, ya samo mai wanki. Saura mai reno. Madam ta ce wadda za ta riƙa kwana a gidan take so, mai ɗan jin Turanci, kuma ba ta son matar aure, don kada miji ya zo ya ɗauke ta ana tsakar aiki. Duk wadda ya kai sai ta ce ba ta yi ba, har Injiniya ya fara ɓata masa rai.

Ya zauna kusa da ni ya ce, "Raudatu, aikin nan naki ne. Sai dai abu ɗaya. Zan ce ke ƙanwata ce."

Wallahi Yaya dariya na yi. Na ce, "Kamar a littafi!" Ya ce zuwa ƙarshen kakar auduga ne kawai, Injiniya ya yi masa alkawarin mai da shi cikakken ma'aikaci.

Yanzu ina gidan. Akwai labule har ƙasa da fitila mai lu'ulu'u, irin waɗanda nake karantawa. Kullum da safe idan ya zo ɗaukar Injiniya ina tsaye a taga da Salma. Shi ya kalle ni, ni na kalle shi, babu wanda ya sani. Sai ka ce ba a yi auren ba.

Ya karɓi wayata saboda hotunan bikinmu. Shi ya sa na ba Phoebe wannan takarda, mai wankin gidan ce, 'yar Malumfashi, duk Asabar tana zuwa gida. Don Allah kada Baba da Inna su ji. Suna zaton ina ɗakina.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Raudatu

Malumfashi

Raudatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai aikin masara da ya sha mana kai, hannuna duk ya yi kanta.

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi turmi na zauna. Ke yanzu wannan ne kike kira littafi? Tun kina yarinya kike ƙona wa Inna miya saboda takardun nan, ban zaci za su kai ki ga ƙona aure ba. Ba ku cika shekara ba, lallen ƙafarki bai gama fita ba, Mahadi ya ɗauke ki ya kai aikatau, ya kuma ce ba matarsa ba ce. Ke da ko sunansa ba ki iya kamawa don kunya, shi ga shi ya kama naki ya canza masa gida.

Aiki ba abin kunya ba ne, ni ma ƙuli-ƙuli nake soyawa. Amma ina soya shi ne da sunan matar Kamalu, kowa ya sani.

Na sa Kamalu ya tambayi Malam, bai faɗi ko su wane ne ba. Malam ya ce aure yana nan, amma ƙarya ƙarya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba zan gaya wa Baba ba tukuna, hawan jininsa ya isa. Inna ta ba da daddawa da kuka a kai miki ɗakinki. Ina zan kai? Suna nan a rataye.

Ki riƙe sallarki. Ki daina tsayuwar taga, ba duban wata aka sa ki ba.

Yayarki, Nana Khadija

Funtua, ranar Juma'a

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba. Na ji haushin takardarki, shi ya sa. Yau kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Gidan ba kamar yadda na fara gani ba ne. Fitilar lu'ulu'un ni ke hawa kujera in goge ta. Kofina daban ne, yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Madam ba muguwa ba ce, tana ba ni tsofaffin gyalenta, tana kirana "habibti", wai masoyiyata da Larabci. Rannan ta ce za ta koya mini miyar ƙasarsu mai daraja, ta fito da ganye a leda tana lallaɓa shi. Yaya, lalo ne! Lalon da ke fitowa a bayan ɗakin Inna. Ni da Phoebe muka shiga ɗakin guga muka yi dariya har da hawaye.

Tsayuwar taga kuwa na daina da kaina. Ya daina ɗago kai. Ya ce maigadi ya fara lura.

Ga abin da ya faru. Akwai wani Malam Isah, shi ke kula da injinan kamfani, matarsa ta rasu bara. Yakan kawo wa Injiniya saƙo gida. Sau da yawa ni ke buɗe masa ƙofa, ban taɓa wuce "sannu da zuwa" ba. Ashe ya tambayi Injiniya ko 'yar wace ce. Madam ta yi murna kamar ita za a aura. Ta ce mutumin kirki ne, kuma gidansa yana bayan kamfani, ko an yi auren zan iya ci gaba da zuwa wurin Salma. Ta ce wannan mijin ba zai ɗauke mata ni ba.

Jiya da la'asar ƙanen mahaifin Malam Isah ya zo da wani dattijo, da goro da alewa. Wurin wa za su je? Wurin yayana. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya, gefen garejin mota. Madam ta ce in kai ruwa. Na kai, na durƙusa na gaishe su.

Dattijon ya ce, "Malam Mahadi, mun zo neman iri ne. Mun ga tarbiyya, mun yaba."

Na tsaya a bayan mota da faranti a hannuna. A littafi, nan ne namiji yake miƙewa ya ce, "Wannan matata ce." Na jira, Yaya. Har na san yadda muryarsa za ta fita.

Ya ce, "Allah ya sa alheri. Zan shawarci manya a gida."

Ya sa hannu ya ɗauki goro ɗaya, fari, ya ɓare, ya jefa a baki. Ina jin ƙarar taunarsa daga inda nake.

Ban yi kuka ba. Na koma na ɗauraye kofuna.

Ki yi mini addu'a.
Raudatu

Funtua

Raudatu,

Salam. Na ba maigadi wannan ya miƙa miki tunda kin ƙi fitowa.

Ki kwantar da hankalinki. Me kike so in yi a gaban mutane, Injiniya yana tsaye a baranda? In na ce ke matata ce, a ranar zai karɓi makullin mota. Kin san yadda na sha wahala a acaba kafin in sami wannan wuri. Goro kuma goro ne, ba sadaki ba. Ba wanda zai ɗaura aure a kan aure, ni ba mahaukaci ba ne.

Auduga ta kusa ƙarewa. Da zarar takardata ta aiki ta fito zan ce manya sun riga sun yi miki miji a ƙauye, shi ke nan magana ta mutu. Kafin nan, Malam Isah ya nemi izinin zuwa gaishe ki ranar Lahadi bayan la'asar. Na ce to. Ki fito ki zauna kaɗan, ki amsa gaisuwa, kada ki sake fuska da yawa, kada kuma ki ɗaure. In kin ƙi, Madam za ta yi tambaya.

Duk don mu nake yi. Ke da kike son irin labaran nan, ki ɗauka wani babi ne. Wata rana za mu ba 'ya'yanmu labari muna dariya.

Ki ƙona takardar in kin karanta.

Mijinki, Mahadi

Malumfashi

Raudatu,

Sallama. Phoebe ta kawo mini takardarki, da tasa da kika haɗo. Gara da ba ki ƙona ba.

Na karanta wa Kamalu. Kin san shi da sanyin hali, amma sai da ya tashi ya fita waje. Da ya dawo cewa ya yi, ko akuya aka zo tayawa, mai ita yakan ce ba ta sayarwa ba ce.

Ni ba zan ce ki fito ba, ba zan ce ki zauna ba, ba ni zan kwana a ɗakin ba. Amma ki tuna da bawan Allahn nan Isah. Ya binne mata, ya zo ta ƙofa da dattawansa, bai yi laifin komai ba. Idan kika zauna masa a tabarma ranar Lahadi, ƙaryar ta tashi daga ta Mahadi ta zama taku.

Ɗakin Inna yana nan. Baba zai yi faɗa, zai gaji ya bari.

Yayarki

Funtua, ranar Litinin

Yaya Nana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Kamalu, na gode masa.

Jiya Malam Isah ya zo. Ya sa farar shadda, ya kawo turare da lemo a leda. Madam da kanta ta ɗaura mini gyalenta mai ruwan hoda, ta tura ni waje tana guɗa irin tasu. Maigidana yana can gefe yana wanke motar da ya riga ya wanke da safe.

Ban zauna ba. Na tsaya a bakin tabarma na ce, "Malam, ka yafe mini. Ni matar aure ce. Ga mijina can."

Ya dubi inda na nuna. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Innalillahi." Ya sa takalmansa, ya ce, "Ke kin fita, Allah ya saka miki." Ya wuce ta gaban motar ya fita. Ledar ma a nan ya bar ta.

Madam ta yi kuka. Ta ce na ci amanarta, ta ɗauke ni kamar ƙanwa. Na so in tambaye ta sunan garinmu, in ji ko ta sani, sai na fasa. Da ta share hawaye, abin da ta fara tambaya shi ne wa zai kwana da Salma. Gyalen ma ta karɓa ta ba Phoebe ta wanke.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba a kore shi ba. Injiniya ya yi masa tsawa, amma har yanzu ana awon auduga, motoci na shigowa daga Dandume da Maska, ba shi da lokacin neman wani direba. Yau da safe Madam ta kira shi ta ce ya nemo mata wata mai reno, wannan karon budurwa ta gaskiya. Ya ce, "To, Madam." Har ya ce akwai wata a Mahuta.

Ke nan da tun farko ya buɗe baki a gindin darbejiya, tsawar nan ce kawai zai sha. Ita ya guje wa, ya ci goro.

Ya tare ni a bayan kicin yana cewa na kusa kashe shi, amma tunda Allah ya rufa asiri, in tattara in koma ɗaki, ya yafe mini. Shi ne ya yafe mini, Yaya.

Salma ta fara kama yatsana tana tsayawa. Ita zan yi kewa. Littattafaina na bar wa Phoebe, ta ce tana son na kunna gawayin guga. Na ce ta fara da wanda ke sama.

Wannan takardar ta tasha zan aiko miki, ni kuma sai Asabar tare da Phoebe. Ki gaya wa Baba komai kafin in iso. Ki sauke daddawar Inna, a Malumfashi za a ci ta.

Ƙanwarki, Raudatu

Funtua

Mahadi,

Sallama. Ban taɓa kiran sunanka ba sai yau.

Makullin ɗaki yana wurin maigadi. Wayata ka riƙe, hotunan naka ne. Ka aiko da takardata gidan Baba.

Na bi Phoebe Malumfashi. Ba zan dawo ba.

Raudatu