Libarbar Kaka Léonce

Liège, 3 ga Maris

Yayana Aubin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Solange da yara. Yaya ciwon bayan nan naka?

Na gama kwashe kayan marigayi Baba. A ƙasan kabad na tarar da ƙaramar bindigar nan, libarba ta gasar harbi, wadda kullum yake cewa mahaifinsa, Kaka Léonce, ya ci gasa da ita a 1938. 'Yan sanda sun ce ko dai in kawo shaidar irinta da shekarar da aka ƙera ta a yi rajista, ko in miƙa musu su narkar da ita kafin ƙarshen wata. Na juya ta gaba da baya, babu sunan kamfani, sai wasu ƙananan tambura da ban gane kansu ba. Ka san Baba bai taɓa sanin mahaifinsa ba, ita kaɗai ya gāda. Ba zan iya bari a narkar da ita ba.

Ƙanwarka,
Odile

11 ga Maris

Yaya Aubin,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni kam kaina ya ɗaure.

Na kai ta wurin Dethier, tsohon maƙerin bindigogi na ƙungiyar maharba. Ya sa gilashi a ido, ya daɗe yana leƙen bututun, sannan ya tambaye ni wa ya shirga mini labarin 1938. Wai akwai wani ɗan harafi da masu gwajin bindiga ke bugawa don nuna shekara, kuma na wannan 1951 yake nufi. Na ce masa Kaka ya rasu tun 1944. Ya ce to sai dai idan daga kabari ya yi odarta. Na ji haushi, na ce ƙila bututun aka canza. Ya kwance ta a gabana, lambobin da ke jikin sassanta duk iri ɗaya ne.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mini mariƙin, ya ce an sassaƙa shi ne daidai da hannun mai ita, hannun hagu, kuma ƙarami. Aubin, ka tuna hoton Kaka na falo? Hannunsa kamar shebur! To ta wace ce? Baba ƙarya ya yi mana? Gobe zan je gidan tsofaffi wurin yayar Baba, Gwaggo Mariette.

Taka,
Odile

14 ga Maris

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Gwaggo tana ganin bindigar ta fashe da dariya, har hawaye. Ta ce Kaka Léonce ko ƙofar coci ba zai iya samu da harsashi ba. Libarbar ta matarsa ce, Kaka Fernande, wadda bahaguwa ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙa zuwa harbi duk Asabar, tana cewa gidan ƙawarta za ta. Ita ta sa aka ƙera mata ita. Ranar da Baba ya dawo daga makaranta yana kuka, yara na tsokanarsa wai ba shi da uba, sai ta ɗora masa ita a cinya ta ce ta babansa ce, gwanin harbi. Ta rantsar da Gwaggo kada ta gaya wa kowa, kuma daga ranar ba ta sake zuwa filin harbin ba.

Ka ga Baba bai yi ƙarya ba, da abin da aka gaya masa ya rasu. Ni dai na rasa ko tausayinsa zan ji ko nata. Matar da na sani da saƙa da miyar albasa!

Dethier ya rubuta shaidar, an yi rajista, amma sai na shiga ƙungiyar kafin a bar mini ita. Na shiga. Ya ce in zo Asabar in fara koyon harbi, in kuma gargaɗi maƙwabta su rufe tagoginsu.

Yaranka na jiran labarin Kaka gwanin harbi. Kai za ka zaɓi wanda za ka ba su, ni ban iya ba.

Ka gaishe da Solange.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Odile