Guntun Reshen da Ya Ɗauko Baba

Msinga, 9 ga Mayu

Velaphi ƙanena,

Ina gaishe ka. Waya ba ta shiga kwarin nan, shi ya sa na ba direban tasi takarda.

Mama ba lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne. Wata uku ke nan da muka tura ka Johannesburg da reshen magaryar kura, ka ɗauko mana kurwar Baba daga ɗakin kwanan ma'aikata inda ya rasu. Ka ce ka yi komai daidai: ka biya kujera biyu, ba ka kula kowa a hanya ba sai reshen, duk kogin da kuka haye ka faɗa wa Baba sunansa, da kuka shigo garke ka ce masa an iso.

To, ga shi duk ranar da Mama ta yi gyangyaɗi a bakin ɗaki da hantsi, sai ta gan shi a ƙofar garke da hularsa. Bakinsa na motsi, murya babu. Ko tuwon phuthu da kindirmo ba ta ci yanzu. Zanenta ya zagaye ta sau biyu.

Jiya na sauko da reshen daga rufi na duba. Gindinsa sumul, yankan zarto. Kawunmu kuwa da adda ya sare shi, a gabana. Ka yi mini bayani.

Yayarka, Qondile

Howick, 16 ga Mayu

Sisi,

Gaisuwa da girmamawa. Haba, yaushe kika zama 'yar sanda? Gindin ne na ɗan gyara, yana tsaga mini riga. Mama kewa ce ke damunta, ki kai ta wajen nas.

Ni lafiya lau. Aikin kujeru na nan, ranar Asabar kuma ina kai lofunan tururi kasuwa. Na san kina kiran su wasan yara, amma ki zo ki gani. Katako nake fafewa kamar tsawon tafin hannu, in sa ɗan ƙoƙon ƙarfe a ciki. A zuba busasshen ganye, a ɗumama da wuta daga waje, ganyen bai ƙone ba, tururinsa kawai ake zuƙa ta bakin itace. Shida na sayar a watan nan. Ga barguna biyu na aiko, mai ja na Mama ne.

Ƙanenki, Velaphi

Chatsworth, Durban, 20 ga Mayu

Zuwa ga Mista Velaphi Mchunu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Da wuya ka tuna ni. Ni ce tsohuwar da ta sayi lofe mai jan baki a Fabrairu, saboda ƙirjina. Na'a-na'a nake sawa, kuma ina samun sauƙi, na gode.

Ba ƙorafi na kawo ba. Mijina ya rasu, ni kaɗai nake zaune, kuma hankalina ƙalau yake. Amma duk lokacin da na ɗumama shi bayan abincin rana, sai in ji muryar wani dattijo, a hankali, cikin ladabi, yana maimaita magana ɗaya da Zulanci. Na kwaikwaya wa maƙwabciyata, ta ce tambaya ce: "Mun iso?" Daga nan ba ta ƙara shigowa ɗakina ba.

Don Allah wane ne shi, kuma ina za shi?

Taka cikin girmamawa,
Misis Kamala Moodley

Howick, 2 ga Yuni

Sisi Qondile,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Ƙarya na yi miki.

Ranar da na taho da Baba, tasin Msinga bai cika ba, sai na biya ta rumfata. Akwai lofe ɗaya da bai da baki, washegari kuma kasuwa. Na ajiye reshen a kan teburin aiki, idona ya faɗa kan gindinsa. Itace ja, mai tauri, kaurinsa daidai. Na ce a raina, itace itace ne, Baba yana kabari, wannan duk don hankalin Mama ya kwanta ake yi. Na yanki tsawon yatsa, na huda, na goge da kakin zuma. Ko uffan ban ce masa ba. Sisi, rand ɗari huɗu na sayar da muryar ubanmu. Tun da na karanta takardar matar nan, wadda na haɗo miki, ban ƙara taɓa zarto ba.

Ranar Asabar na tafi Durban in karɓo guntun. Na sayi tikiti biyu na dawowa tun kafin in ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta ba ni shayi, na faɗa mata komai. Sai ta rufe baki da hannu.

Ta ce, "Wayyo ɗana, da ka zo kafin Laraba."

Na ce, "Me ya faru, Mama?"

Ta ce, "Wata uku bawan Allah yana tambaya, ba mai amsa masa. Muryarsa har ta fara dishewa. Ranar Laraba tausayi ya kama ni. Na ce masa, e, Baba, kun iso, ka zauna ka huta."

Na ce, "Sai ya ce me?"

Ta ce, "Ya yi ajiyar zuciya. Shi ke nan."

Na ɗumama lofen a gabanta har ƙarfen ya ƙona mini yatsa. Na kira shi da kirarin gidanmu, na ce Baba ni ne, tashi mu tafi, nan ba gida ba ne. Ƙamshin na'a-na'a kawai. Amma akwai wata kujera a gefen taga, kyanwarta ta daina hawa tun ranar Laraba, sai ta zauna a ƙasa tana kallon sama da ita.

Guntun yana aljihuna, bai fi kowane itace nauyi ba. Na ji tsoro, Sisi, kuma kunya ta hana ni zuwa gida. Ki faɗa wa Mama yadda kika ga za ta iya ɗauka.

Ƙanenki da bai cancanta ba,
Velaphi

Msinga, 8 ga Yuni

Velaphi,

Gaisuwa. Na karanta mata duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ka ba. Ni ce zan yi wannan idan mun haɗu.

Ta ce dama tun waccan Larabar ba ta ƙara ganinsa a ƙofar garke ba. Ta ci abinci, ta wanke zannuwanta, ta ɗaure su cikin jan bargon nan. Ta ce shekara talatin da takwas yana aiki a garin wasu tana jira ya dawo, wannan karon ita za ta je wajensa.

Ka tarye ta a tashar Durban ranar Juma'a. Ka tambayi matar ko tana da kujera ta biyu a gefen tagar.

Ka huta lafiya.
Qondile