Jitar Badaru a Gonar Gayya

Gwaram, Yuni 1975

Ƙanina Badaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan.

Garmaho da faya-fayai biyun da ka aiko sun iso. Mai hoton 'yan matan nan na Turawa ya yi daɗi, muryarsu kamar ana rarrashin jariri, har kaɗin zare nake yi ina sauraronsa. Amma mai jan bango, wanda ka ce na fara da shi, wallahi hayaniya ce. Mutum yana ihu, jita tana ihu.

Yanzu ga babbar maganar. Hannun Baba ya fara rawa, gangar noma ta gagare shi. Za a yi gayya a garinmu Basirka. Idan ba ka zo ka karɓi gangar ba, Maikuɗi, ɗan ƙanin Baba, za a naɗa Sarkin Kiɗa. Ka bar kiɗan otal ɗin nan ka dawo gida.

Yayarka,
Hapsatu

Birnin Kudu, Yuli 1975

Yaya Hapsatu,

Ina gaishe ki tare da Malam mijinki.

'Yan matanki alewa ce, ta narke a baki an manta. Baɗi ba wanda zai tuna da su. Mai jan bangon kuwa sai jikokinmu sun ji shi. Ki sake sawa, ki bar ihun, ki bi gangar da ke ƙasa. Irin dukan da Baba ke yi ne idan manomi ya gaji, ya tashe shi tsaye. Tun da na ji shi a bariki bayan yaƙi, hannuna bai sake son wani abu ba sai jita. Direbobin Maiduguri da ke kwana a nan ba Turanci suke ji ba, amma idan na kaɗa, sai su ajiye cokali.

Zan zo gayyar. Amma da jitata zan zo, da lasifika da batirin mota. Ki gaya wa Baba haka, kada ki rage komai.

Naki,
Badaru

Gwaram, Yuli 1975

Badaru,

Gaisuwa. Na gaya masa.  Sai ya ce, "Kakansa ya yi wa manoma kiɗa, ni na yi. In ya shigo gona da wayar Bature, kada ya ƙara kirana Baba."

Na sake sauraren faifan naka. Gangar tana nan, ban ƙi ba. Amma mai ihun har yanzu ban ga abin da aka yi masa ba. Ka yi tunani, don Allah.

Hapsatu

Birnin Kudu, Agusta 1975

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin ce a rubuto miki yadda aka yi, tunda ba ki je ba.

Da na jona batir, dattawa suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ɗan Sarkin Kiɗa ya zo gyaran mota." Ban kula ba, na fara da taken Baba na noma, amma a kan jita. Dariya ta tsaya. Samarin garin Sara suka sunkuya da garma, ƙura ta tashi, suka cinye kunya bayan kunya, suna kiran na ƙara. Baba ya miƙe, ya miƙa wa Maikuɗi gangar a gaban kowa, ya bar gonar bai waiwayo ba.

Na bi shi da ido, Yaya, zuciyata kamar ta tsage. Amma ban tsayar da hannuna ba, kuma ko gobe ba zan tsayar ba. Sarautar ta tafi, Allah ya taya Maikuɗi riƙo.

Ƙaninki,
Badaru

Gwaram, Satumba 1975

Badaru,

Bayan gaisuwa. Baba ya ce kada ka taka masa gida da sallah. Na durƙusa na ce masa, "Baba, gidanka ka hana shi, ba gidan mijina ba." Rabon da na mayar masa da magana tun ina yarinya. Yanzu ni ma ba ya amsa gaisuwata.

Malam ya sa an share maka ɗakin zaure. Ka zo ranar jajibere. Ka taho da jitar.

Yayarka,
Hapsatu