Bibata Ba Za Ta Hau Motar Hama Ba

Gaya, Lahadi, 1 ga Satumba 1985

Zuwa ga Yayata Asabe, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Sa'idu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa mun yi Sallar Layya karɓaɓɓiya. Mu nan alhamdu lillahi. Bana ruwa ya yi mana adalci bayan wahalar bara, gero ya fid da kai, kogi ya cika. Ƙanenki Halidu, maigidana, yana kan hanyar Paraku da babbar motar kayan ubangidansa, don tun da sojojin Najeriya suka rufe iyaka kasuwar Kamba ta mutu masa. Inna mahaifiyarku ma lafiyarta lau, sai dai fushi take da ni, kuma dalilin fushin ne ya sa na ɗauki biro. Da hannuna na rubuta, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci, don ba na son mai rubutun bakin posta ya tausasa mini magana.

Saƙonki ya iso ta bakin Hama direba. Ya ce kin ce a shirya Bibata, in zai koma arewa ya kai miki ita ki riƙe, tunda an gaya miki jikin yarinya ya lalace a hannuna saboda ƙazanta. Ya ce kuma kafin ta tashi a kai ta wurin Gambo wanzami ya yi mata tsaga, a fid da mugun jini. Yaya, na san gwaggo tana da iko a kan ɗiyar ƙanenta, ni kaina a hannun gwaggota na tashi. Amma Bibata ba za ta hau motar Hama ba, askar Gambo kuma ba za ta taɓa ta ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ƙazanta, wai! Wallahi a duk unguwarmu babu yarinyar da ta sha wanka kamar Bibata. Tun da kircin nan ya dawo mata a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya, Inna ta taso daga Tunuga da sosonta da sabulun salo, ta ce ita za ta gyara jikarta. Safe da rana da maraice ruwa na kan wuta. Takan tafasa shi da ganye, ta matse yarinya tsakanin ƙafafunta, ta cuɗe ta har fata ta yi jajir, Bibata na ihu, Inna na cewa ciwon ne ke fita. Ban taɓa zargin Inna da mugunta ba, ƙauna ce, haka ta wanke ƴaƴanta duka. Amma kullum aka cuɗa sai abin ya ƙaru, fata ta tsage tana ruwa, yarinya ta soshe kanta har zanen kwanciya ya yi jini. Maƙwabta suka ce ƙazwa ce, wasu suka fara raɗa sunan kuturta. Aka ware mata kwano, aka hana yara wasa da ita. Ranar da na same ta bayan rumbu tana cin tuwo ita kaɗai tana kallon sauran, na ji abin da ban taɓa ji ba, na ce ya isa haka.

Majo, babban malamin asibitin garinmu, ya duba ta, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya ba ni takarda zuwa wurin likitan fata a Yamai. Wana Alfari ya raka ni. Kin san hanya yanzu, kowane shinge sai an sauke mutane jandarma sun duba katin shaida, ga yarinya na susa cikin zafi, fasinja na janye zanensu daga jikinta. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Abin da ta fara yi shi ne ta kama hannun Bibata da hannunta tsirara, ba safar hannu ba komai, ta shafa wurin a hankali, ta tambaye ta sunanta. Yaya, sai na ji hawaye, don na manta rabon da wani bare ya taɓa ɗiyata. Ta ce ba ƙazwa ba ce, ba kuturta ba ce, ba ya kama kowa ko kwano ɗaya ake ci. Ta ce fatar yarinyar ce ba ta riƙe danshi, haka aka haife ta, ruwan zafi da soso da sabulu mai kaifi kuwa su ke kwashe ɗan maiƙon da ya rage mata. Na ba ta labarin tsaga, ta ɗago kai ta dube ni, ta ce: "Fatar da ta tsage da kanta ba ta neman aska, mai take nema."

Ba ta yi mini ƙaryar warkewa ba. Ta ce ciwo ne mai tafiya ya dawo, sau da yawa yana sauƙi in yaro ya girma, aikinmu mu kwantar da shi. Ta rubuta maganin sha don wuraren da suka yi ruwa, da pomad, wani man magani da ake shafawa kaɗan inda ya yi ja kawai, a bari in ya lafa. Sauran duk aikin gida ne: wanka sau ɗaya da ruwa mai ɗan ɗumi, ba soso, a dafa jiki da zane ba a goge ba, tun da sauran lema a shafe ta da man kaɗe tsantsa wanda ba a sa wa turare ba. A yanke farce, a cire mata rigunan nailan, a nisanta ta da hayaƙin turaren wuta. Haka nake yi ba fashi. Yanzu wuyan ya rufe, hannun ya yi laushi, bayan gwiwar ne bai gama ba, makon jiya ma ya ɗan taso da ta yi gumi a gona, na shafa ya kwanta. Tana barci. Na mayar da kwanonta cikin na yara, wadda ba ta so ta janye nata ɗan. Watan gobe zan sa ta lakwal, makarantar boko, a nan Gaya, in sanyi ya shigo kuma mu koma Yamai, don likita ta ce tana son ta ga yadda fatar za ta yi da iskar hunturu.

Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake renon yaro ba cuɗa ba, na raina ta, na fifita maganar baƙuwa a kan tata. Ta naɗe sosonta ta koma Tunuga, ko sallama ba ta yi mini ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, zan kuma je in durƙusa in ba ta haƙuri, amma ba zan miƙa mata yarinyar ba. Halidu da ya zo ya ce shi ya riga ya amsa miki, ba zai zama ƙaramin mutum gaban yayarsa ba. Na ce masa ni ban amsa ba. Na ce in ya ga wannan laifi ne da zai sa in koma gidanmu, to, ina jin tsoron haka, ban ɓoye masa ba, amma ba zan tura yarinya mai irin wannan fata ƙasar da ko leɓen mai lafiya tsagewa yake ba, nesa da likitarta. Ya ɗaga hannun Bibata ya duba, ya ajiye. Har ya tafi bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Saura magana ɗaya, Yaya, ki gafarce ni. Likita ta tambaye ni ko akwai mai fuka ko irin wannan ƙaiƙayi a dangi, don abin gado ne. Na ce marigayi Baba mahaifinku da fuka ya rasu. Ban faɗi sauran ba, amma na tuna shekarar da kika zo bikin Ladi muka sauka kogi wanki, kika naɗe hannun riga. Na ga layukan aska a lanƙwasar hannunki, na ga kina susa, da kika lura ina kallo kika yi maza kika rufe. Mahaifin Gambo ne ya yi miki su, Inna da bakinta ta faɗa. Ke kika san zafin da kika sha ranar, ke kika san ko ya warkar da ke. Ba gori nake miki ba, Allah ya sani. Bibata taki ce har cikin fatarta, ki zo ki gan ta duk ranar da kika so, ɗakina naki ne.

Ki gaida Malam Sa'idu, ki gaida Amadu da Hasana da ƙaramin Abdu. Alfari yana gaishe ki, Bibata ta ce a gaida Gwaggo. Gurbin da Hama ya ajiye mata a mota bai tafi banza ba, na sa miki busasshen kifi da ƙwarya ɗaya ta man kaɗe, na rufe ta da farin ƙyalle. Ba na miya ba ne, naki ne. In kin fito wanka kada ki goge, ki shafa tun da sauran lema.

Taki ƙanwa, matar Halidu,
Jumma