Ciyawar da ke Gindin Itatuwan Rumaisa'u

Dala, Maiduguri
6 ga Afrilu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun yi Sallah lafiya, kai da su yayarka Saude. Tunda ba ka ɗaukar waya, na ba direban motar Kano wannan takarda, ya ce ya san shagon ƙaninka.

Wata biyar ke nan da tafiyarka, ban dame ka da komai ba. Yau dole ce ta sa. Itatuwan da 'yarmu Rumaisa'u ta dasa a tsakar gida da damina suna mutuwa: mangwaro biyu, lemun tsami biyu, da gwaiba. Ganye duk ya naɗe. Zafin bana ba a magana, ga burtsatsen layinmu sai da safe yake kawo ruwa, shi ma kaɗan. Abin da na zuba a gindinsu, ciyawarka ce take shanyewa kafin ya sauka.

Phebe, maƙwabciyarmu mai aiki a wurin renon dashe, ta leƙo ta gani. Ta ce, "Ya Falmata, ƙaramin itace ba ya iya kokawa da irin wannan ciyawa. A cire ta daga gindin kowanne, faɗin taku biyu, a rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye. Laima za ta daɗe."

Na san wahalar da ka sha kan ciyawar nan don bikin yarinyar, shi ya sa ban taɓa ba. Ka ba ni izini.

Allah ya ƙara lafiya.
Matarka, Falmata

Kano
15 ga Afrilu

Zuwa ga uwargida Falmata,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Kada a taɓa ciyawar. A kanta na yi niyyar shimfiɗa tabarmi ranar ɗaurin auren Rumaisa'u, a kanta aka shimfiɗa su ranar zaman makokinta. A bar ta yadda take. Itacen da Allah ya nufa da rayuwa zai rayu. Ki gode wa Phebe, amma gida yana da mai shi.

Batun dawowata, sai yadda hali ya yi.

Wassalam.
Nasidi

Dala
2 ga Mayu

Malam,

Salamu alaikum. Ya jiki, ya mutanen gida?

Na bi maganarka kwana goma. A cikinsu gwaiba ta bushe, lemu ɗaya ya bi ta. Ranar da na taɓa reshensa ya karye a hannuna, na shiga na ɗauko fartanya. Shekara ashirin da shida ban taɓa saɓa maka ba, yanzu na yi, kuma ba zan ɓoye ba. Saiwar ciyawar ta kama ƙasa kamar saƙa, sai da tafin hannuna ya fashe. Yayana Ba'ana ya aiko min da buhunan ƙaiƙayin shinkafa daga Khaddamari, na haɗa da ganyen darbejiya na rufe gindin ukun da suka rage.

Washegari da azahar na cusa hannu ƙarƙashi, na ji sanyi. Malam, sai da na zauna na yi kuka. Na ɗauka mun tsira.

Ashe na yi kuskure. Na tara ƙaiƙayin har ya rungume jikin itacen, gara ta samu hanya. Da Phebe ta dawo daga garinsu ta gani, ta riƙe baki. Ta ce, "Ai tazarar tafin hannu ake bari tsakaninsa da itacen! Laifina ne, ban gaya miki ba." Mun janye, mun zuba toka, amma lemun na biyu an riga an cinye shi ta ƙasa. Saura mangwaro biyu, su ma ba su da kyan gani.

Yanzu bari in tambaye ka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ni ma fa haihuwarta na yi. Kai ana gama addu'ar arba'in ka ɗauki jaka, ka bar ni da ɗakinta, da akwatunan lefen da har yau na kasa mayar wa mutane. Itatuwan nan su kaɗai ne abin da ta bari mai rai. Me ciyawa ta yi maka da ta fi su?

Ka huta lafiya.
Falmata

Kano
13 ga Mayu

Falmata,

Salamu alaikum. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

Akwai abin da ba ki sani ba, ranar kina gidan suna. Ana gobe Rumaisa'u za ta tafi sansanin waɗanda ambaliya ta kora don taimaka wa masu jinya, na dawo daga kasuwa na tarar da ita durƙushe a gindin mangwaro da fartanya, ta yanke ciyawar ta kewaye. Ta ce, "Baba, haka aka koya mana. In ba a cire ba, rani zai kashe su." Na fizge fartanyar. Na ce mata nan ba gidanta ba ne, in ta je gidan mijinta ta haƙa abin da ta ga dama. Ta ce, "To, Baba, yi haƙuri." Ta mayar da ciyawar da hannunta, tana dannawa.

Da safe ta gaishe ni daga bakin ƙofa, ina ji, ban amsa ba. Kwana huɗu bayan nan amai da gudawa suka kama ta. Da na isa asibiti ba ta gane kowa.

Da kika rubuto maganar Phebe, kalmomin Rumaisa'u na ji. Na kasa cewa a yi, domin in aka yi kuma suka rayu, to ta yi gaskiya, ni kuma ba ni da inda zan je in faɗa mata. Ba ciyawa nake karewa ba.

Ki cire ta duka, kada ki bar ko tsinke. Ki yafe min in kina iyawa. Ki gaya min ko in taho.

Mijinki, Nasidi

Dala
4 ga Yuni

Malam,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni.

Mangwaron farko ya mutu kafin ta iso. Na biyun jiya Phebe ta kankare ɓawonsa da farce, ciki ya bushe har ƙasa.

Ranar Talata aka yi ruwan farko. Ciyawar ta tashi kore shar, ko'ina, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Ba ni da ƙarfin cire ta, kuma ba na iya kallonta.

Gobe Ba'ana zai zo ya tafi da ni Khaddamari. Makulli yana wurin Phebe.

Allah ya jiƙan Rumaisa'u.
Falmata